Rigar Sola

A garinmu ba a barin abu mai tsada tsirara. Ba wanda ya rubuta wannan doka, da ita aka haife mu. Ina 'yar shekara tara aka jawo mana wutar lantarki, kafin wata ya mutu duk rediyon da ke garin ya samu riga. Da talabijin ta zo aka ɗinka mata mai labule biyu, a yaye in za a kalla, a mayar in an gama. Firij ɗin mai shago har hula gare shi. Rimot kuwa a cikin ledarsa yake tsufa, in ta yage a sake masa wata. Telan garinmu ya kai ga ba ya karɓar ɗinkin mutane sai an haɗa shi da Allah, don a cewarsa firij bai taɓa dawowa ya ce an matse shi a hammata ba.

Duk wannan a gaban idon Inna, mahaifiyata, ya faru. Da fitilar ƙwai ta tashi, ta ga zuwan ƙwan lantarki. Ta ga injin niƙa ya aje dutsen niƙa a bayan ɗaki, kaji na hawa kansa. Ta ga wayar hannu ta kashe aike, har matar da ke maƙwabtaka da kai ta buga maka waya ta ce ka ara mata ashana. Ruwa ne kaɗai ya ƙi zuwa. Namiji na iya kwanciya a gadonsa ya kalli ƙwallon da ake bugawa a wata duniya, amma in ƙishi ya kama shi sai matarsa ta yi tafiyar kusan awa guda zuwa rafi.

Inna ta yi shekara arba'in tana wannan tafiya, sau uku a rana. Da na kai ta asibiti saboda ciwon wuya, likita ya ɗaga hoton ƙashinta a gaban haske ya nuna mini. Ya ce ƙasusuwan wuyan sun cinye juna, in ta ci gaba da ɗaukar kaya a ka, wata rana hannuwanta za su daina jin maganarta. Inna ta ce masa, "To likita, a ina zan ɗauka? A aljihu?" Shi ya yi dariya. Ni ban yi ba. A wannan ɗakin na yi wa kaina alkawari cewa bokiti ba zai sake hawa kan uwata ba, kuma ni ba na alkawari in bar shi a hanya.

Shi ya sa da na samu shiga kwalejin fasaha na zaɓi wutar sola da famfo. Mu talatin da ɗaya ne a aji, ni kaɗai ce mace, ni na zo ta ɗaya. Ina faɗa ne don in ban faɗa ba, ba wanda zai faɗa mini a garinmu.

Na dawo gida da wata biyu wata ƙungiya ta zo ta haƙa mana rijiyar burtsatse. Suka zura inji a ciki, suka ɗora tanki a kan ƙarafa, suka jera farantan sola goma sha biyu a kan wani dogon gadon ƙarfe, suka kewaye wurin da waya, suka sa ƙofa da kwaɗo. Famfo biyar aka kafa a gari, ɗaya taku ashirin daga ƙofar gidanmu. Ba batir a tsarin: rana ta fito inji ya ja ruwa, rana ta faɗi ya tsaya. Tun ranar farko nake tare da ma'aikatan, ba wanda ya gayyace ni. Ranar da za su tafi ubangidansu ya ce wa kwamitin ruwa, "Wannan yarinyar ta san aikin nan kamar yunwar cikinta. Ku ba ta makulli. Ku dai kula da farantan nan sosai, su ne ran abin."

Kwamiti ya ji rabin maganar na ƙarshe. Makulli ya shiga aljihun Baffa, yayan mahaifina, wanda tun rasuwar babanmu ko ƙusa ba a bugawa a gidanmu sai ya sani. Shi ne shugaba. Hedimasta mai ritaya shi ne sakatare, yana da biro uku a aljihun gaba. Sai Tela, sai wasu dattawa huɗu da aikinsu gyaɗa kai. Su bakwai, ba wanda ya taɓa ɗora bokiti a kansa. Ni kuma aka ba ni suna, Injiniya, irin yadda ake ce wa gajere Dogo.

Wata uku ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Inna ta fara juya wuya ba tare da ta juya duk jikinta ba. Sai wata rana da tsakar rana Baffa ya shiga zagayen duba kayan jama'a, ya sa tsani, ya hau, ya aza tafin hannunsa a kan faranti ɗaya. An ce har bakin kasuwa an ji salatinsa.

Da yamma aka kira taron gaggawa a inuwar tanki. Aka aiko in zo da kayan aikina. Na zo, aka nuna mini ƙarshen benci.

Baffa ya ɗaga hannu kowa ya gani. "Jama'a, amana aka ba mu. Abin nan da na taɓa ɗazu, ƙwai za a iya soyawa a kansa. Wata uku yana kwance a rana kamar ba shi da gata. Ko jaki ai ana ɗaure shi a inuwa."

Dattawa huɗu suka gyaɗa kai.

Tela ya yi gyaran murya. "Ga kashin tsuntsaye kuma, Shugaba. Na gani da idona. Abin da ya tsallako teku ya zo, a ce tsuntsu na yi masa wannan cin mutunci?"

Na ɗaga hannu kamar a aji. Ba wanda ya kalle ni, sai na yi magana haka nan.

"Baffa, ranar ce abincinsa. In an rufe shi ba zai ci ba, in bai ci ba inji ba zai tashi ba. Kashin tsuntsu kuwa ruwa da tsumma ne, ku ba ni makulli in riƙa gogewa."

"Kun ji ko?" in ji Baffa, bai juyo ba. "Makulli. Duk inda magana ta je, ta dawo kan makulli."

"Baffa, fitilarka ta sola, ba a rana kake ajiye ta ba?"

"A rana. Kuma nawa suka mutu? Wannan ce ta uku. Ke ma kin kawo hujja a kanki."

Hedimasta ya cire biro na biyu. "Ai ba mu ce a hana shi ci ba, Injiniya. Mutum ma rana na yi masa amfani, amma ba ya fita ba riga. Komai ya yi yawa cuta ne. Mun koyar da wannan a aji huɗu."

"Malam, an yi su ne don su sha rana shekara ashirin da biyar."

"Haka masu sayarwa suka ce. Wanda ya sayar mini da agogo ma ya ce har jikokina."

Aka yi dariya. Baffa ya rufe taron da abin da dattawa ke rufe kowane taro: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce masa ni ba rimi nake nema ba, tsani kawai. Hedimasta ya rubuta a littafinsa cewa an amince baki ɗaya.

Washegari Tela ya zo da tef ɗinsa rataye a wuya, ya auna farantai tsawo da faɗi, yana tambayar Baffa ko a sa masa geza. Aka sa. Farin leshi ne mai ƙofofi, da igiyoyi a kusurwa don ɗaurewa. Gaskiya ya yi kyau. Duk wanda ya biyo hanya sai ya tsaya ya ɗauki hoto, wurin ya zama kamar gadon sabuwar amarya an kafa shi a sama.

Da leshin nan inji bai mutu ba, nishi kawai yake. Tankin da ke cika kafin azahar ya koma ko rabi ba ya kaiwa. Layin jarkoki ya yi tsawo, mata suka fara faɗa a bakin famfo, wadda ba ta yi sammako ba ta koma da jarka wayam. Na riƙa fita tun asuba ina kama wa gidanmu layi. Na je wurin Baffa da na'urar awon wuta a hannuna, na nuna masa lambar da take bayarwa da da wadda take bayarwa yanzu.

Ya daɗe yana kallon lambobin, har na fara murna. Sai ya ce, "Lallai. Ya fara gajiya."

Aka sake zama a inuwar tanki. Ruwa ba ya tsami banza, in ji Hedimasta, dole a binciko dalili. Tela ne ya binciko shi. Ya miƙe tsaye ya ce laifinsa ne, kuma shi ba ya gudun laifi: ƙofofin leshin nan ne rana ke bi tana shiga. An yi rigakafi rabi da rabi, ga sakamakon. Abin da ake buƙata yadi mai kauri, da shafi.

Na ce, "Wallahi in kuka sa mai shafi, ko ɗigo ba za ku gani ba."

Baffa ya ce, "Ji baki! Yarinya kina yi wa kayan jama'a mugun fata? Wannan karatun naku ba a haɗa muku da ladabi?"

"An haɗa, Baffa. Shi ya sa nake zaune a nan maimakon can sama."

A gida Inna ta yi mini faɗa. Ta ce yayan ubana ne, ko ya ce rana daga yamma take fitowa in ce to, in ya so in na shiga ɗaki in yi dariyata. Tana maganar tana gyara wa rediyonta riga. Na ce mata ni ba a koya mini cewa to a kan ƙarya ba. Ta ce, "Shi ya sa har yanzu ba a ba ki makullin ba."

Rigar ta biyu koriya ce, mai nauyi, sai da ƙarti huɗu suka ɗora ta. Aka ɗaure ta tamau. Na tsaya a bayan waya ina sauraro. Ƙaramin kukan nan da injin ke yi, wanda na saba da shi har ba na jin sa sai ya tsaya, ya tsaya.

Ranar farko aka sha abin da ya rage a tanki. Rana ta biyu famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Mata suka fito da tsofaffin bokitai, hanyar rafi da ciyawa ta fara rufewa ta sake buɗewa. Kwamiti ya ce a yi haƙuri, inji yana murmurewa, mai jinya ba a tashinsa aiki.

Na ce wa Inna ko kofi kada ta ɗauka. Ni na ɗauki ruwan gidanmu, da difloma tawa da komai. Sawu huɗu a rana, jarka a ka, bokiti a hannu. Samarin da ke zaman majalisa a ƙofar mai shago, kowa da waya a hannu, suna ganina sai su ce, "Injiniya, yau ma da hannu ake tuƙa injin?" Ba na ko kallonsu. Wuyana ya sage, ƙafafuna suka tsage, amma ban bari wani ya ga na ɗingisa ba. In zan wuce gaban majalisar har ƙara miƙewa nake.

Rana ta huɗu na yi sawu biyu, na ɗan kwanta in huta, barci ya sace ni. Da na farka babu Inna, babu babban bokiti.

A tsakiyar hanyar rafi na same ta. Tana tsaye cak, bokiti a ka, ruwa na zuba a kafaɗarta. Ba ta tafiya, ba ta kuma sauke ba.

"Inna, me kike yi?"

"Sauke mini," ta ce a hankali. "Hannun ya ƙi ɗagawa."

Na sauke. Na kama yatsunta na dama na matsa, na ce tana ji? Ta ce kamar na wani ne. Sai ta fara ba ni haƙuri, wai ta ga na gaji ne, wai sawu ɗaya kawai ta ce za ta yi. Na zaunar da ita a gindin bishiya har jinin ya dawo, na rako ta gida, na kwantar da ita. Bokitin na bar shi a can.

Daga nan shagon Tela na wuce. Yana kan keke yana ɗinka wa wata fanka siket.

"A'a, Injiniya, yau kuma ɗinki aka kawo?"

"Aron almakashi."

"Wanne? Ƙaramin ko..."

Na ɗauki babban na fita. Ya biyo ni da tef a wuya yana kiran a tare ni. Ban nemi makulli ba. Na ɗaure zanena a kan wandon aiki, na kama wayar shingen na haura, ta yage mini hannu ban ji ba sai daga baya. Na jingina tsani na hau. Kafin in kai sama rabin gari ya taru.

Baffa ya iso yana haki, hula a karkace. "Ke! Sauko! Na ce ki sauko!"

"Ina zuwa, Baffa."

"Ni kike ce wa kina zuwa? In kika taɓa rigar nan ba ni ba ke!"

"Baffa, ɗazu na sauke wa matar ƙaninka bokiti a hanyar rafi, hannunta ya mutu. In ba kai ba ni, sai mu yi haka."

Igiya goma sha shida ce. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Tela na ƙasa yana ihu kada in taɓa yadin, igiyar kawai, don Allah igiyar kawai. Da na datse ta ƙarshe na tura rigar da ƙafa, ta sulale ta faɗo a kan dattawa biyu, suka yi ta neman hanyar fita.

Na zauna a kan ƙarfe, rana na gasa ni, ina jira. Duk da na san abin da na sani, in inji ya ƙi tashi garin nan ba zai sake zaunuwa gare ni ba. Can sai ƙaramin kukan ya dawo. Sannan ƙarar ruwa yana faɗawa cikin tanki wayam, kamar ana buga ganga. Kafin awa guda wata mata ta rangaɗa murya daga famfon bakin kasuwa cewa ya kawo.

Na sauko ina jiran wani ya ce ashe. Ba wanda ya ce.

Taron yamma ya fi kowane cika. Hedimasta ya miƙe da biro na uku. Ya ce yau an ga ikon Allah da hikimar manya. Inji ya samu hutun kwana huɗu a inuwa, ga shi ya tashi da ƙarfin da bai taɓa yi ba, kowa ya ji yadda ruwa ke dukan tanki. Ba don rigar nan ba da tuni ya ƙone. Abin da ya rage shi ne a tsara lokacin aiki da lokacin hutu, kamar kowane ma'aikaci.

Na buɗe baki, sai na tuna hannun Inna, na rufe. Na fahimci abu ɗaya a kan bencin nan: ba za su taɓa cewa na yi daidai ba, ko da ruwan zai cinye garin. Amma ni ba yabo na zo ɗiba ba.

Na ce, "Malam ya yi gaskiya. Ma'aikaci da rana yake aiki, da dare ya huta. A rufe shi in rana ta faɗi, a buɗe in ta fito. Ga raɓa ma, tana iya sa masa mura."

Hedimasta ya kalle ni ta saman tabarau, yana neman inda rainin yake. Na ɗaure fuska. Ya rubuta raɓa.

Sai aka zo kan hukunci. Na haura shingen jama'a, na ɗauki almakashin wani, na ɗaga wa yayan ubana murya a bainar jama'a. Baffa ya ce tun da ina son hawa, to hawan ya zama nawa. Kullum da safe ni zan cire rigar, kullum da yamma ni zan mayar. Makulli kuwa in je gidansa in karɓa in mayar, sau biyu a rana, in gaishe shi a tsugune.

Na yi. Wata bakwai na yi. Rigar da ƙarti huɗu suka ɗora na koyi naɗe ta ni kaɗai, in ja ta da igiya in ɗora. In ta sha ruwan sama nauyinta ya ninka, tana warin tsohon buhu. Sau biyu na samu kunama a cikinta. In na cire sai in goge farantan da tsumma, in duba wayoyi, abin da tun farko na roƙa a bar ni in yi. Kowace safiya in tsuguna a zauren Baffa, ya ce, "Injiniya, an tashi lafiya? Ya mai jiki?" Inji yake nufi. In ce da sauƙi. Matarsa, wadda muke ce wa Iya, takan bi ni da kallo daga bakin murhu.

A wata na uku malaminmu na kwaleji ya bugo mini waya. Wani kamfani a birni na neman mai harhaɗa sola, ya ba da sunana. Na ce ya ba ni lokaci. Ya sake bugowa a wata na biyar. Na san in na tafi, ranar farko za a ce wane ya cire rigar, wane zai ce ba aikinsa ba ne, rana ta biyu kwamiti zai ga ai ƙarin hutu ba ya cutarwa, rana ta huɗu Inna na hanyar rafi. Na ce wa malam ina da jinya a gida. Ba ƙarya na yi ba. Ya ce ba za su jira har abada ba. Na ce na sani.

A wata na bakwai zazzaɓi ya kayar da ni. Da yamma na lallaɓa na mayar da rigar ina rawar ɗari. Da safe na yi niyyar tashi, ƙafafuna suka ƙi. Ban san inda kaina yake ba sai da rana ta take, haske ya cika ɗakin. Abin da ya fara zo mini shi ne rigar tana can a kai. Na dafa bango na fito tsakar gida.

Randunanmu cike suke. Inna na zaune tana wanke kwanuka da ruwa mai yawa.

"Inna! Rafi kika je?"

"Wane rafi? Koma ki kwanta."

"Wa ya cire rigar?"

"Mu."

"Ku wa?"

"Mu masu ɗiban ruwan mana. Kin ɗauka makafi ne mu? Ni ban san karatunki ba, amma wata bakwai muna gani: riga na kai famfo ya yi shiru, riga ta sauka famfo ya yi magana. Ko akuya ta gane."

"To me ya sa ba ku taɓa faɗa ba?"

"Wa ya tambaye mu? Kuma mun ga kina iyawa."

Na rasa ko in yi kuka ko in yi faɗa. Na yafa mayafi na fita ina bin bango. A bakin famfonmu na ga rigar. An baje ta a ƙasa, koriya shar, an danne kusurwoyinta da duwatsu, an shanya barkono a kanta daga wannan baki zuwa wancan. Mata wajen goma na zaune a kan gefenta. Iya na tsakiya, makullin Baffa ɗaure a bakin zanenta. Ashe da asuba da ba a ga fitowata ba Inna ta je ta same ta, ita kuma ta zare shi daga aljihun rigarsa yana wanka. Ba wadda ta hau tsani. Gorar kaɗo 'ya'yan itace suka ɗaura wa wuƙa, suka datse igiyoyin daga ƙasa, suka jawo.

Ina tsaye Baffa ya iso, Hedimasta da Tela a bayansa. Ya tsaya a bakin rigar ya kalli barkono, ya kalli mata, ya kalli bakin zanen matarsa.

"Wa ya ba da izini?"

"Malam, taka a hankali," Iya ta ce wa mijinta, "nawa ne na wannan gefen."

"Kayan jama'a ne wannan!"

"Ga jama'ar nan zaune a kai."

Tela ya durƙusa ya shafa yadin kamar ya ga gawar ɗan'uwansa. "Barkono! Shafinsa kaɗai kwana biyu na yi..."

"Ai ka iya ɗinki," in ji wata tsohuwa. "Ko ƙasa ba ta ratsa shi. In ka samu lokaci ka yi mana wani."

Baffa ya miƙa hannu. "Ba ni makullin."

Iya ba ta motsa ba. "In ba ka, ka rufe, gobe kai za ka je rafi? Ruwan wankan da ka yi ɗazu daga sama ya sauko? Ni na gama, Malam. Gwiwata ta gama."

Ba wadda ta ɗaga murya, ba kuma wadda ta ɗaga daga kan rigar. Baffa ya daɗe hannunsa a miƙe. Sai ya mayar da shi ya gyara hula, kamar da ma abin da ya ɗaga shi ya yi ke nan. Ya ja Hedimasta gefe suka yi ƙus-ƙus. Da suka dawo Hedimasta ya buɗe littafi ya karanta da muryar taron iyayen yara: kwamiti ya lura rigar ta yi datti, don haka ya miƙa ta ga mata su wanke, tare da makulli na wucin gadi, har zuwa ranar da za a gama wankin.

Har yau ana wankin.

Da na warke na yi sati biyu ina koya wa Iya da mata uku yadda ake goge faranti, da abin da kowace fitila a jikin akwatin injin ke nufi, da wayar da ba a taɓawa. Tsohuwar nan ma ta dage sai ta koya, na ce ita ta riƙe tsani. Sannan na buga wa malamina waya. Ya ce wancan gurbin an cike shi tuntuni, amma akwai wani, ƙarami, a wani kamfani da bai kai wancan ba. Na ce ina so.

Ranar tafiyata ina tsaye a bakin hanya da jaka, Baffa ya zo hannuwansa goye a baya. Ya yi tari. Ya ce kwamiti ya zauna, ya amince in tafi. Na ce na gode, da ma ga motar can ta tsaya.

Na koma da gudu in yi wa Inna sallama ta ƙarshe. Tana bakin famfo, ta buɗe shi har ƙarshe, ta miƙa ƙafafunta a ƙarƙashi, ruwa na kwarara yana bin lambatu.

"Inna, ɓarna kike yi. Tankin ba teku ba ne."

"Bar ni. Shekara arba'in ina wanke ƙafa da kofi ɗaya." Ta ɗaga hannun dama ta kore ni da shi. "Je ki kada motar ta bar ki. In na gama zan rufe."